Ƙarar da Ba Ta Zuwa Gareji

Duk wanda ya taɓa kai babur wurin Babana ya san dokarsa ta farko: idan ka iso, kada ka kashe. Ka cire giya ka sa firi, ka kafe shi, ka bar injin yana silo, ka koma gefe ka kama bakinka. Shi zai taso daga kan benci yana goge hannu da tsumma, ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, sannan ya miƙa hannu ya murɗa makulli da kansa. 'Yan daƙiƙun nan da inji ke ɗauka kafin ya tsaya cak, su yake saurara.

"Inji idan yana gudu maƙaryaci ne," haka yake cewa. "Sai zai tsaya yake faɗin gaskiya."

Shi ya sa ake ce masa Mai Kunne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a rumfar kwano guda a bakin titi, kuma da yawa daga masu kawo masa aiki ba su san yana da wani suna ban da wannan ba. Rumfar ba ta da wani abin kallo. Benci ɗaya ne, sai ƙasa da ta sha baƙin mai har ta yi tauri, gwangwanaye cike da notuna, kwanon fetur na wanke kaya, da allon katako inda sifanu ke rataye daga babba zuwa ƙarami. A ƙarshen allon akwai wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako. Ba ya kwance komai da ita. Bakinta yake ɗorawa a jikin inji, ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Idan ya buɗe sai ya ce, "Bawul ne," ko "Sarƙar cikin inji ce ta saki," a kwance kuwa a tarar haka ne.

Babana da yadda mutum yake kashe babur yake auna hankalinsa. Akwai masu zuga wuta har unguwa ta ji sannan su kashe. Waɗannan yakan ce ba babur suke kashewa ba, sanar da maƙwabta suke yi sun dawo. Akwai masu sakin kuloci a cikin giya, babur ya yi tsalle ya shaƙe. Akwai masu danna jan maɓalli su manta makulli a buɗe, da safe su zo suna rantsuwa an sayar musu da mataccen batir. Duk waɗannan tsiya kawai yake musu, a yi dariya a wuce. Mutum ɗaya ne ba ya yi wa wasa, shi ne mai kashe inji a gangare don ya rage shan mai.

Yana da dalili. Ƙanensa, wanda suke ciki ɗaya, a gangare ya rasu tun kafin a haife ni. Ya kashe inji yana silalowa, mota ta ɓullo masa, birki ya ɗau zafi ya ƙi kamawa, ga shi babu wutar da zai ja ya kauce. Babana ne ya je ya ɗauko babur ɗin, ya tarar da makulli a kashe. Ban taɓa jin labarin daga bakinsa ba, Innarmu ce ta ba ni. Abin da na gani da idona shi ne, idan ya gane kana da wannan hali, zai gama maka aikin ranar, ya miƙa maka makullinka, ya ce daga yau ka nemi wani bakanike.

Wani bakaniken kuwa ba nisa gare shi ba, tsallaken titi ne. Babana ne ya laƙaba masa Canja-Duka, sunan kuma ya bi shi. Ba mugun mutum ba ne, kunne ne dai Allah bai ba shi ba. Idan ka ce masa babur yana ƙara sai ya canja filogi. Ƙara ba ta tafi ba, ya canja sarƙa. Ba ta tafi ba, ya canja salansa, har sai ko ƙarar ta gaji ko kai ka gaji. Shekara talatin suna gaisawa da safe, da rana kuma Babana yana ba masu zaman benci dariya da shi.

Ni ce babba a gidanmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ni nake kai masa abincin rana tun ina firamare, ina zaune a ƙarshen benci ina jiran kwano, kunnena yana kwasar abin da ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Yanzu ɗinki nake yi, kuma ko ina bakin ƙofa na san keken da ke neman mai a cikin shagona. Innarmu takan ce na gaji kunnen, na kuma gaji bakin, amma bakin ya fi yawa.

Mijina malamin makaranta ne, mutum mai haƙuri har abin yakan ba ni haushi. Babana ne ya zaɓar masa babur ɗin da yake hawa, sai da ya saurari guda shida kafin ya ce wannan. Gidanmu yana kan tudu, makarantar da shagona suna ƙasa, tsakani akwai dogon gangare mai lanƙwasa biyu. Kullum da safe mu uku muke sauka, shi a gaba, ni a baya, 'yarmu a tsakiya da jakar makarantarta.

Da mai ya yi tsada, wata safiya muna saman gangaren sai na ji inji ya yi tsit. Na zaci mutuwa ya yi. Ashe Malam ne ya murɗe makulli.

"Malam, me ka yi haka?"

"Kowa haka yake yi yanzu," in ji shi. "Ki dai rufa mini asiri wurin Baba."

Na yi faɗa ranar, na yi washegari, daga baya na gaji na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora shi a kan kowa ba.

A shekarar nan ce kuma na fara lura da kunnen Babana. Zan yi sallama ta bayansa sau uku bai juyo ba. Ya koma kallon bakin mai magana maimakon idonsa. A tambaye shi gida, ya ce aiki da godiya. Sukundirebar nan ya koma danna ta sosai, har ƙotar tana barin shaida a gefen kansa. Wata rana na yi ta maza na ce mu je asibiti a duba.

"Kunnen nawa?" ya ce. "Uwata, kunnen da ya ciyar da ke?"

Bai sake bari na tada zancen ba. Masu kawo aiki ba su gane ba, don shekara arba'in ta koya wa idonsa da hannunsa abubuwa da yawa. Daga launin hayaƙi da rawar da tanki ke yi yana kama rabin matsalolin. Amma ni na san sunan nan da ake kiransa da shi ya fara zama aro, shi ma ya sani. Ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da takardar makaranta. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma ina tsoron ranar da za a karɓe shi.

Sai ƙarar ta fara. Wani irin ƙurr, sannan ƙas, ƙas, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani ana juyawa. Ba kullum take zuwa ba. Yau ta zo, gobe babu, jibi ta zo a lanƙwasa ta biyu ta ɓace kafin mu kai ƙasa. Kuma ba ma jin ta sai a gangare, lokacin da inji yake a kashe.

Muka kai wa Baba. Tambaya uku yake yi wa duk mai kawo ƙarar da ke zuwa tana tafiya: yaushe take zuwa, a ina, kuma kana yin me. Malam ya amsa biyu da gaskiya. Da aka zo ta uku sai ya sunkuyar da kai.

"Tafiya kawai nake yi, Baba."

"Inji yana aiki?"

"Yana aiki, Baba."

Ina tsaye, ban ce uffan ba. Don haka a inji Babana ya nemi ƙarar. Ya zagaya, ya karkata kai, ya murɗa makulli. Ya sake tayarwa, ya ɗora sukundireba a sama, ya ɗora a ƙasa. Ya hau ya je har ƙarshen titi ya dawo.

"Lafiya lau yake," ya ce. "Irin ƙarar nan kunya gare ta, ba ta zuwa gareji. In ta dawo ku dawo."

Ta dawo, muka dawo. Sau biyar cikin wata biyu. A zuwa na biyu ya ɗaure salansa. A na uku ya ja sarƙa. A na huɗu na ga ya ciro filogin da babu abin da ya same shi ya sa sabo, na kawar da kai don kada ya ga fuskata, don aikin Canja-Duka ne wannan. A na biyar, bayan ya kashe injin, Malam ya turo babur ɗin daga rumfa zuwa titi, sai na ji ta. Ƙas. Siririya, daga gaba. Babana yana tsaye taku biyu daga wurin yana goge hannu, fuskarsa ko gezau.

Ranar da yamma ina ninke kaya na tare Malam.

"Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko ka faɗa wa Baba gaskiya, ko ka kai wa Canja-Duka."

"In tsallaka titi da babur a kan idonsa? Da wane ido zan sake kallonsa?"

"To faɗa masa."

"So kike ya ce in nemi wani bakanike? Ni, surukinsa? Ai na daina kashewa tun makon jiya. Ƙarar ma ta tafi."

"Ba tafiya ta yi ba, Malam, kukan inji ne ya rufe ta. Kai da kake koyar da yara lissafi, abin da ke ƙara alhali inji yana kashe, yaya za a yi ya zama a inji yake?"

Ya kawar da kai. Ni kuma na ci gaba da ninke kaya, don na san bakina ne kawai ke da ƙarfi. Gaba kura, baya siyaki. In na faɗa, na tona mijina, na kuma nuna wa Babana cewa ƙarar ta wuce ta gabansa bai ji ba. In na yi shiru, kullum da safe ina ɗora 'yata a kan abin da ban san me ke cinsa ba. Na ƙara kwana huɗu ina jan ƙafa, kuma har yau ina jin kunyar kwana huɗun nan.

A rana ta biyar, a lanƙwasa ta biyu, kan babur ya yi rawa a hannun Malam. Sau ɗaya ne, ya kama shi. Amma na ji yatsun 'yata sun nutse a cinyata. Muna sauke ta a ƙofar makaranta na ce masa wuce wurin Baba, ban kuma ce don Allah ba.

Mun tarar da mutum biyu a kan benci, na jira har suka tafi. A banza na jira. Maganar da ta kamata a yi ta a raɗa, dole na yi ta da ƙarfi.

"Baba, ba a inji ƙarar take ba."

"Na'am?"

"Ba a inji take ba! Sai an kashe inji a gangare ake jin ta!"

Har tsallaken titi an ji ni. Na ga Canja-Duka ya ɗago daga kan aikinsa, ya yi sauri ya mayar da kai. Babana ya kalli bakina, sannan ya kalli Malam. Malam ya tsuguna a kan baƙar ƙasar nan da fararen kayansa na aiki.

"Haka ne, Baba. Na yi kuskure, na kuma yi maka ƙarya."

Na jira tsawa, ba ta zo ba. Babana ya miƙa hannu ya kashe injin ba tare da ya karkata kai ba.

"Tashi ka tura shi," ya ce. "A hankali."

Malam ya tura babur ɗin ya wuce ta gabanmu. Ƙurr, ƙas, ƙas. Yanzu kam ko yaro zai ji. Babana ya sunkuya, ya bi shi taku uku da kunnen dama, ya juya na hagu. Sannan ya miƙe ya dube ni.

"Uwata, tana yi?"

"Tana yi, Baba."

"Yanzu?"

"Yanzu haka."

Ban taɓa jin ya tambayi wani mahaluƙi abin da babur ke cewa ba sai ranar. Na rasa inda zan sa idona.

Ya kafe babur ɗin, ya sa Malam ya danne baya, tayar gaba ta tashi sama. Ya juya ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen da ke riƙe da ita, ya tsaya. Ya sake juyawa. Sannan ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe, tana wasa. Ya ɗauko sifana. Da ya zare tayar ya ƙwanƙwasa, sai boris ɗin, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu, ya wargaje a tafin hannunsa. Babu ɗigon maiko, duk tsatsa, biyu sun fashe.

"Wannan ba zai kai ƙarshen mako ba," ya ce. "In ya cije a gangare, tayar gaba tsayawa take yi cak."

Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Sau nawa kuka zo?"

Na ɗaga masa yatsu biyar, don ba zan iya sake ɗaga murya ba.

"Sau biyar na ce lafiya lau. Sau biyar na ɗora jikata a kai."

"Laifina ne, Baba," in ji Malam da ƙarfi. "Ni na ɓoye maka."

"Naka daban, Malam. Mutum nawa suka yi mini ƙarya a kan bencin nan? Ni da ba a kan maganar mutane nake aiki ba. Da kunnena yana nan, tun ranar farko da na hau na je ƙarshen titi zan ji ta a ƙarƙashin kukan inji. Ban ji ba. Na kuma san ban ji ba, na ce lafiya lau."

Ya sa sabon boris gefe biyu, ya cika shi da maiko, ya duba na baya ma. Da ya gama ya miƙa wa Malam makulli. Malam ya karɓa yana jiran a ce ya nemi wani bakanike.

"In kunne ya ji, jiki ya tsira," in ji Babana. "Naka yana ji. Ka yi aiki da shi."

Iyakar abin da ya faɗa masa ke nan, kuma Malam bai sake taɓa makulli a gangare ba.

Washegari na rufe shago da rana na kai masa abinci, abin da na yi shekaru ban yi ba. So nake in ba shi haƙuri, ko da yake ban san a kan me ba. Na tarar da rumfa babu kowa, ƙusar ƙarshen allo babu komai a kanta. Da na waiga sai na hango shi a tsallaken titi, a rumfar da bai taɓa takawa ba cikin shekara talatin. Yana tsaye a kan Canja-Duka, ya ɗora masa ƙotar sukundireba a kunne, yana matsar da bakinta a jikin wani inji, yana nuna masa nan, sannan nan. Canja-Duka ya lumshe ido kamar yadda aka ce masa, furfurarsa da komai. Da Babana zai taho, ya bar masa ita. Mutumin ya riƙe ta da hannu biyu, ya rako shi har bakin titi.

Shekara shida ya ƙara a rumfar nan yana faci, yana ɗaure birki, yana canja sarƙa. Daga baya ya yarda muka je asibiti, aka ba shi abin sawa a kunne. Ya ce yana jin mutane, amma inji duk ya zama hayaniya ɗaya, ya ajiye abin a gwangwanin notuna. Mutane ba su daina ce masa Mai Kunne ba har ya koma ga Allah, shi ne dai ya daina amsawa da fara'ar da.

Amma ranar nan da na kai abinci ita ce ba ta barina. Ya dawo ya zauna, ya buɗe kwano, bai kai loma ba sai ga wani mai rarraba burodi, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo masa aiki. Ya sa firi, ya kafe babur, ya bar shi yana silo, ya koma gefe ya kama bakinsa kamar yadda aka koya masa. Babana ya tashi yana goge hannu, ya zagaya sau ɗaya, ya miƙa hannu wajen makulli. Sai hannun ya tsaya a hanya, ya janye shi.

"Kashe abinka da kanka," ya ce. "In faci ne ko birki ko sarƙa, kawo. In ƙara ce, tsallaka."

Mutumin ya yi dariya, ya dube ni, ya ga ba na dariya.

"Mai Kunne, wasa kake yi?"

Babana bai ji shi ba. Mutumin ya matso a sanyaye ya murɗa makulli. Ina ƙarshen benci inda na saba zama, na ji injin ya sauka, ya yi ɗan tari, ya tsaya. Na ɗago na dubi Babana. Kansa a karkace yake, idonsa a lumshe. Injin ya riga ya tsaya, shi bai ɗago ba tukuna.